Allurar da ke jin takun ƙafa

Garmahon da kawuna ya bar mini ya yi wata uku yana ba ni haushi kafin in gane ba laifinsa ba ne. Daɓen falona na katako ne. Da zarar ƙaramar 'yata ta shigo da gudu, sai allura ta yi tsalle, waƙa ta koma baya. In na ƙara murya kuma, wani gurnani ya taso daga lasifika, kamar an ajiye mota a ƙofar gida ba a kashe inji ba.

Na sauya allura, na goge faifai har na gaji, a banza. Ranar da na gano bakin zaren, faifan ma ba ya juyawa. Na ɗora allura a kansa yana tsaye, na ɗaga murya kaɗan, na ƙwanƙwasa teburin da ɗan yatsa. Sai ga "dum" ya fito ta lasifika. Ashe allura ba ruwanta da bambancin waƙa da jijjigar teburi, duk motsin da ta ji sai ta mai da shi sauti. Ga shi lasifikan suna kan teburi ɗaya da ita: su girgiza katako, ita ta ɗauka, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya koma musu. Gurnanin ke nan.

Da farko na sauke lasifikan daga teburin, rabin matsalar ta tafi a take, ko sisi ban kashe ba. Sannan na yi wauta, na sayo ƙafafun ƙarfe masu tsini ɗin nan da ake sa wa kayan sauti a ƙasa. Suna da kyan gani, amma tsini ba ya raba abu da inda ya zauna, ƙara manna su yake yi. Abin da ke tare jijjiga shi ne abu mai laushi da nauyi ya danne.

Nan ne lissafin ya burge ni. Duk abin da aka ɗora kan sifirin ko roba yana da saurin lilonsa. In nauyin ya lotsa robar da santimita 1, lilon zai kai kusan sau 5 a daƙiƙa. In milimita 1 kacal ta lotsa, kusan sau 16. Kariya ba ta farawa sai jijjigar ta wuce saurin lilon da ninki 1.4. Shi ya sa roba mai tauri ƙarƙashin na'ura marar nauyi ado ce kawai. Ba sabuwar dabara ba ce ma: tun 1961 Edgar Villchur ya fito da garmahon kamfanin Acoustic Research (AR) a Amurka, wanda faranti da hannun allurarsa ke zaune kan sifirin uku.

Ni dai tub ɗin ƙaramin keke na samu, na hura masa iska kaɗan, na ɗora katako mai kauri a kai, garmaho a bisa. Sai da na yi ta matsar da shi kafin ya daidaita, don ɓangaren injin da ke juya faifai ya fi nauyi. Gurnani ya ɗauke ɗif.

Tsallen allura kuwa yana nan, har ya so ya ƙaru. Takun mutum wajen sau 2 ne a daƙiƙa, ya yi ƙasa da abin da tub zai iya tarewa, sai dai ya yi ta rausaya da shi. Maganinsa, kantar katako na kafa a jikin bangon bulo, inda daɓe ba ya taɓa ta, na mai da garmaho can.

Sauran kayan fa? Amfilifaya mai kwalabe, irin ta dā mai bututun gilashi a ciki, tana jin ƙwanƙwasa, na sa mata roba. Na'urar CD kuwa na gwada ta da roba, na gwada ba roba, kunnena bai ji komai ba. Masu tsinin nan yanzu suna cikin durowa, 'yata na wasan jera sojoji da su.