Shafi Ɗayan da Ya Isa Gaban Gwamna

Aikina a ofishin shiyya na wata hukumar jiha da ke Zariya shi ne tattara bayanan ayyukan da ake gudanarwa a ƙananan hukumomin arewacin jihar Kaduna, irin su Soba, Kubau, Ikara, Makarfi da Kudan, in tsara su, in aika hedikwata a ƙarshen kowane wata uku. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera ya san hanyar da takardar take bi, daga sashen tsare-tsare na hukuma zuwa teburin shugabanta, daga nan zuwa ma'aikatar da ke sama da ita, sannan a haɗa ta da na sauran hukumomi kafin a zauna a Gidan Sir Kashim Ibrahim, wato fadar gwamnan jihar. Abin da ba a cika faɗa wa sabon ma'aikaci ba shi ne takardar tana ramewa a kowane teburi, har abin da ya bar Zariya da shafuka masu yawa ya koma shafi ɗaya a majigi.

A rahoton rubu'i na uku na shekarar da nake magana, babban aikinmu rijiyoyin burtsatse ne. Watannin Yuli zuwa Satumba su ne tsakiyar damina, kuma wanda ya san hanyoyin ƙauyukan bayan Maigana da Anchau ya san motar haƙa ba ta shiga wasu wuraren sai ƙasa ta tsane. Saboda haka na raba jadawalina gida uku: rijiyoyin da aka haƙa aka bar su a toshe, waɗanda aka sa wa famfon tuƙa-tuƙa amma ba a gwada ruwansu ba, da waɗanda aka miƙa wa mai unguwa mutane suna ɗiba. Gida na ukun ne mafi ƙanƙanta, kuma na rubuta dalilin hakan a shafi na gaba, da sunan kowane ƙauye.

A wani teburi tsakanin Zariya da Kaduna aka tara gidajen nan uku suka zama adadi ɗaya, aka rubuta a kansa cewa rijiyoyin da aka samar ke nan. Ban yi imani wanda ya yi hakan ya yi nufin ƙarya ba. Fom ɗin taƙaitawa gurbi ɗaya ya ba shi, shi kuma ya cika gurbin da adadin da ya fi kyan gani. Amma bai ɗaga waya ya tambaye ni ba, kuma wannan ne har yau yake ci mini rai, domin kiran minti biyu ya isa ya hana duk abin da ya biyo baya.

Da a shekarun baya ne, da maganar ta wuce salin-alin, domin rahoton hukuma shi kaɗai ne idon gwamna a kan hukumar. Yanzu ba haka abin yake ba. Tun 2015 jihar ta koma asusun bai-ɗaya, wato tara kuɗin gwamnati duka a asusu guda, don haka abin da aka saki da abin da aka biya ɗan kwangila yana rubuce a ofishin Akanta Janar, ba sai mun faɗa ba. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ƙarfafa gaskiya a harkar kuɗin jihohi, wanda ya fara a 2018, ya sa jihohi wallafa rahoton aiwatar da kasafin kuɗi duk wata uku, kuma a 2018 ɗin ce Kaduna ta shiga ƙawancen OGP na buɗaɗɗiyar gwamnati. Ga kuma tsarin Eyes and Ears, wanda ta hanyarsa jami'an sa ido da mutanen gari suke aika hoto da bayanin halin da aiki yake ciki. Ma'anar wannan duka ita ce kafin shugaban hukuma ya buɗe baki a taron bitar ayyuka, akwai wani adadi a hannun waɗanda ke sauraronsa wanda ba daga gare shi ya fito ba.

Ma'aikacin shiyya ba ya shiga wannan ɗaki, saboda haka labari kawai na samu. Bayan an nuna shafinmu, sai aka nuna hotunan masu sa ido, ciki har da wani bututu da ya leƙo daga ƙasa an ɗaure bakinsa da buhun siminti da igiyar roba, ga tsayin ciyawa kewaye da shi. Na san rijiyar, tana cikin gida na farko a jadawalina, har na rubuta cewa famfonta bai iso ba. Da yamma darakta ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Malam, ina ka samo wannan adadin?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne, a duba shafi na huɗu na abin da na aiko.” Washegari takardar neman bahasi ta iso ofishinmu da sunana a kai.

Abin da ya cece ni shi ne kwafin da na ajiye mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. Duk wanda ke aika rahoto sama, ko ta imel ya aika, ya buga guda, ya sa a buga masa hatimi, ya adana shi a wurin da ba ofis ba. Amma asarar gaskiya ba a kaina ta faɗa ba. An dakatar da sakin kuɗin rubu'i na huɗu har sai an tantance kowace rijiya, tantancewar kuma ta ci farkon rani, wato daidai lokacin da hanya ta bushe kuma motar haƙa take iya shiga ko'ina. Ƙauyukan da suka yi haƙurin damina sai suka ƙara da na bazara, saboda gurbi ɗaya a fom.

Tun daga nan ni nake rubuta taƙaitawar da hannuna, layi biyar ko shida a saman shafin farko, yadda mai gaggawa zai kwafe ta kai-tsaye ba tare da ya yi lissafin kansa ba. Ƙaramin adadin nake fara sawa, wato abin da mutane suke amfana da shi a ranar, sauran kuma su biyo baya a jimla dabam, kuma ba na barin adadi biyu kusa da juna yadda hannu zai yi sha'awar tara su. Kowane adadi yana tafe da ranar da aka gani da ido da hoton da ke nuna wurin. Kafin in aika, ina kiran akantan hukuma mu daidaita abin da aka biya da abin da aka yi, domin kuɗi a takarda ba ya nufin ruwa a bokiti, kuma a irin ƙasarmu mai dutse a ƙarƙashi rijiyar da ta ba da ruwa a Satumba tana iya ƙafewa a Afrilu. Shi ya sa nake sake zagayawa a bazara, ko da adadin zai ragu, kuma yakan ragu.

Wasu abokan aiki suna ganin ina rage wa hukuma kwarjini a gaban gwamna. Ni kuwa na lura hukumar da ta kai labarin cikas da bakinta, da dalilinsa da abin da take buƙata, tambayoyi kawai take sha, wadda kuma aka gano nata a hoto kuɗinta ake riƙewa.

Takardar neman bahasin an ce mini da baki an janye ta, amma ba a taɓa rubuta janyewar ba. Na nema a rubuce, aka ce in bar maganar tunda ta wuce. Da na je ganawar ƙarin girma, ita ce takarda ta farko da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya zaro daga fayil ɗina, sai da na sake ba da labarin gida uku tun daga farko.