Ba kyau ne ke sa abu ya yi tashe ba

Duk sanda wani abu ya zama yayi sai ka ji ana cewa ai dole ya yaɗu tunda abu ne mai kyau. Ni dai ban yarda ba gaskiya. Abubuwa masu kyau nawa ne suka mutu a hannun masu su, ko kallo basu samu ba?

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya kawo wani lissafi a 1978. Ka ɗauka mutum 100 ne tsaye a fili ransu a ɓace. Na farko baya jiran kowa, shi zai fara jifa. Na biyu sai ya ga mutum ɗaya ya fara sannan ya shiga, na uku sai ya ga biyu, haka dai har kan na ƙarshe da sai ya ga 99, kafin ka ce me wuri ya hargitse gaba ɗaya. To yanzu canza mutum ɗaya tal, na biyun nan a ce shi ma sai ya ga mutum biyu. Na farko ya yi jifansa, ya waiga ya ga ba kowa, shikenan magana ta mutu, gobe a ce wani mara hankali ne ya fasa gilashi. Alhali taron nan kusan ɗaya ne fa.

A 2006 wasu masu bincike, Salganik, Dodds da Watts na jami'ar Columbia, sun gwada yadda mutane ke bin sahun juna a intanet da mutum sama da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Suka raba wasunsu gida takwas, kowane gida yana ganin sau nawa 'yan gidansu suka sauke kowace waƙa. Waƙar da ta haye sama a wannan gida sai ka same ta can ƙasa a wancan, don kawai waɗanda suka fara shiga sun danna ta ko basu danna ba, na baya kuma suka bi sahu. Masu kyau sosai basu cika faɗuwa warwas ba, wannan kam haka ne, amma na tsakiya duk sa'a ce.

Sai kuma sauƙin turawa, wanda mutane suka fi rainawa. A 2019 WhatsApp suka ƙayyade tura saƙo zuwa mutum ko guruf biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo suka ce ɗaya-ɗaya za a tura shi, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Ba wanda aka yi wa wa'azi, ba a goge saƙon kowa ba, ƴar wahalar dannawa kawai aka ƙara, mutane suka ji ƙyuya suka haƙura.