Abinci da lafiyar murya

Tun da muryata ta fara dishewa a ƙarshen kowane darasi, na shiga bibiyar abin da masu yoga, wato salon motsa jiki da samun natsuwa na ƙasar Indiya, suke faɗa game da maƙogwaro. A koyarwar da ta fi shahara, jiki yana da cibiyoyin kuzari 7 da suke kira chakra, kuma ta 5, wato Vishuddha, tana maƙogwaro, inda suke danganta ta da murya da faɗin gaskiya. Likitoci ba su san ta a matsayin gaɓar jiki ba, ni ma ban ɗauke ta aƙida ba, amma shawarwarin abincin da ke tattare da ita sun amfane ni ƙwarai.

Masu bin wannan hanya a yau sun fi ƙarfafa ruwa mai ɗumi, shayin citta da zuma, romo, da 'ya'yan itatuwa masu ruwa. Abin da ya fi yi mini tasiri kuwa shi ne cin abinci cikin natsuwa. Yanzu nakan ajiye waya, in tauna kowace loma sosai, in lura da yadda take sauka. Na kuma daina kwanciya da zarar na gama cin tuwon dare mai yaji, domin ruwan tsamin ciki yakan taso ya ƙona maƙogwaro, mutum ya wayi gari da shaƙaƙƙiyar murya. Da hakan ya ragu, sai na ga ina iya bayyana ra'ayina a taron malamai har ƙarshe, ba tare da yawan gyaran murya ba.