Lambobin da ɗalibin dira da lema yake haddacewa kafin ya hau jirgi

Wanda ya fita daga ƙofar jirgi a tsayin ƙafa 13,000 yana da sakan 45 zuwa 50 kafin ya iso inda zai buɗe lemarsa. Ƙafa 1,000 ta farko tana cin sakan 10, domin jiki bai gama ɗaukar gudu ba. Daga nan iska ta kan riƙe shi a gudun kilomita 200 a sa'a ɗaya, kowace ƙafa 1,000 tana wucewa cikin sakan biyar da rabi. A irin wannan gudu babu damar tsayawa a yi shawara, shi ya sa duk wata shawara ake gama ta tun a ƙasa, a ɗaura ta da lamba. Aikin ɗalibi a sama shi ne ya dubi agogon tsayi da ke hannunsa na hagu, ya yi abin da lambar ta ce.

Tsarin koyarwar da ya fi yaɗuwa shi ne AFF, wanda ƙungiyar masu dira da lema ta Amurka, USPA, ta amince da shi a 1981. Shi za ka tarar a DeLand ta jihar Florida, da Empuriabrava ta Sifaniya, da sansanin hamada na Dubai. Ya sha bamban da horon sojojin lema irin na Jaji, inda igiyar da ke ɗaure a jikin jirgi take buɗe wa soja lema da zarar ya fita. A AFF ɗalibi da kansa yake buɗewa tun a dirarsa ta farko, malamai biyu suna riƙe da shi hagu da dama. Magana ba ta jiyuwa a cikin wannan iska, sai ishara: babban yatsa ƙasa, ka ƙara banƙarewa; yatsu biyu, ka miƙe ƙafafu; zagaye da yatsu, dubi agogo; yatsa ɗaya a miƙe, buɗe lema yanzu-yanzu. Banƙarewar nan, ƙugu gaba, haɓa sama, ita ke sa ciki ya fuskanci ƙasa. Wanda ya ƙanƙame jikinsa saboda tsoro shi ke wuntsilawa.

Jakar da ke bayan ɗalibi lema biyu take ɗauke da su. Babba tana ƙasa, ta ko-ta-kwana tana sama. Mariƙai uku ne. Na buɗe babba yana gindin jaka ta dama. Idan ka finciko shi ka jefa wa iska, ƙaramar lemar ja ce take cika, ta zare fil ɗin da ke rufe jaka, ta fito da babbar. A ƙirji ta dama akwai ɗan matashi, galibi ja, na sakin babbar lema. A ƙirji ta hagu akwai mariƙin ƙarfe na ta ko-ta-kwana. Abin da ke haɗa babbar lema da kafaɗa zobba uku ne a kowane ɓangare, ƙirƙirar Bill Booth a shekarun 1970: matsakaicin zobe ya ratsa babba, ƙarami ya ratsa matsakaici, ƙaramin kuma ɗan farin zare ne ke riƙe da shi, wata waya mai ruwan ɗorawa ta ratsa zaren. Kowane zobe yana rage nauyin da ke kan na gaba da shi, har ya zama da hannu ɗaya ana iya zare wayar duk da nauyin mutum gaba ɗaya yana rataye.

Ana duba kaya sau uku: kafin a saka, kafin a hau jirgi, da kafin a fita. Zobba uku, maɗaurai uku (na ƙirji da na cinyoyi biyu), mariƙai uku. Farin zaren nan ta ƙaramin zobe kaɗai zai bi. Idan ya ratsa biyu, lemar na iya ƙin sakuwa ranar da ake neman ta saku. Maɗaurin ƙirji da aka zura ba ta cikin ƙarfensa daidai ba yana kama da ɗaurarre a ido, amma mutum na iya suɓucewa daga cikin kayan idan lema ta fizge shi. A dubi zargen da fil yake shiga: in ya fara tsefewa, a canja shi, zare ne na minti biyu, amma in ya tsinke a ƙofar jirgi lema za ta fito ta nufi wutsiyar jirgin da kowa a ciki. Lemar ko-ta-kwana kuwa ba kowa ke taɓa ta ba. A Amurka doka ta ce mai naɗi mai lasisi ne zai buɗe ta, ya duba, ya sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, ya sa hatimin dalma da jan zare, ya rubuta kwanan wata a katin da ke cikin jaka. Ɗalibi yana da iko ya ce a nuna masa katin, kuma a ganina ya kamata ya ce.

Yanzu lambobin. A dirar farko, a ƙafa 6,000 ido ba ya barin agogo. A 5,500 ɗalibi ya kaɗa hannuwa don na sama da shi su san zai buɗe, ya kai hannun dama gindin jaka, na hagu ya koma saman kai don kada jiki ya karkace, ya jefa. Ƙa'idar USPA ta ce jakar ɗalibi ko mai lasisin A, wato lasisin matakin farko, ta kasance a buɗe kafin ya gangaro ƙasa da 3,000. A 2,500 kuma dole ya riga ya yanke hukunci: wannan lema zan sauka da ita, ko kuwa sakinta zan yi. Ƙasa da 1,000 ba a sakin babbar lema, domin ta ko-ta-kwana ba lallai ta sami sararin cika ba. Wanda ya kai nan ba shi da lema mai kyau, mariƙin hagu kawai zai ja, ya ƙara yawan ƙyalle a kansa.

Akwai jeri na abin da ya fi muhimmanci wajen buɗewa, kuma tsarinsa ba ya canjawa: ka buɗe, ka buɗe a tsayin da ya dace, ka buɗe jikinka a daidaice. Na uku shi ne na ƙarshe da gangan. Ɗalibin da ya tsinci kansa a rigingine a 5,500 yakan so ya gyara kwanciya tukuna, ya gwada sau ɗaya, ya sake gwadawa, kafin ya ankara ya cinye ƙafa 2,000. Lemar da aka buɗe a rigingine mafi yawan lokaci tana buɗewa lafiya. Haka nan idan hannu bai sami mariƙi ba, ko ya samu ya ƙi fitowa, gwaji biyu ne kawai, sai a koma mariƙin hagu.

Da lema ta fizge ka, ɗaga kai ka yi tambaya uku. Ta fito? Ta baje, kusurwa huɗu, ƙyallen da ke rage ƙarfin buɗewa ya zamo ƙasa kan igiyoyi? Tana tuƙuwa? Ana sakin linzamai biyu tare, wato igiyoyin tuƙi da ake ɗaurewa tun wajen naɗi, a juya dama, a juya hagu, a ja duka biyu har ƙasa a ga ko birki yana kamawa.

Matsaloli kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne yawan lokacin da suke bar maka. Masu sauri su ne waɗanda babu abin da ya rage maka gudu: lema ta maƙale cikin ƙunshinta, ko ta fito ta miƙe ba ta sha iska ba, ko ƙaramar lemar ja tana bin ka a baya amma fil bai zaru ba. A nan daga 5,000 zuwa 2,500 bai kai sakan 15 ba, babu abin gyarawa. Masu jinkiri su ne waɗanda lema ta buɗe amma da aibi. Mafi yawansu murɗewar igiyoyi ce, kamar lilon yara da aka jujjuya. Idan lemar tana tafiya a miƙe, sai ka kama maɗauran kafaɗa ka ware su, ka yi shuri da ƙafafu ta ɓangaren da zai warware murɗin, ba ka taɓa linzami sai an gama, ido kuma yana komawa agogo. Idan ɗakunan iska na gefen lemar ba su cika ba, ko ƙyallen nan ya tsaya a tsakiya, jan linzamai biyu ƙasa a riƙe ɗan lokaci, sau biyu, yakan gyara. Idan lemar na juyawa gefe ɗaya, sau da yawa linzami ɗaya ne ya kwance tun wajen buɗewa. Kwance ɗayan, ta daidaita. Amma igiyar da ta haye saman lema ta matse ta gida biyu tana juya ka da ƙarfi, wannan ba ta gyaruwa a sama. Haɗarin masu jinkiri shi ne suna ba mutum fatan cewa saura kaɗan. Nan 2,500 take aiki.

Sakin kansa jeri ne da ake maimaitawa a kayan atisaye da ake rataye ɗalibi a cikinsu a ƙasa har hannu ya haddace: dubi jan matashi, kama shi, nemo mariƙin ƙarfe da ido, ɓanɓare matashin daga Velcro, ƙyalle mai mannewa da ke riƙe da shi, tura shi ƙasa har hannu ya miƙe sarai, sannan ka ja na ƙarfe haka nan. Dama kafin hagu. Wanda ya juya jerin ya harba lemar ko-ta-kwana cikin wadda ta lalace. Wanda ya ja matashin rabi kuma, ɓangare ɗaya ne zai saku. Wasu makarantu hannu biyu a kan kowane mariƙi suke koyarwa, wasu hannu ɗaya-ɗaya. Kowanne yana aiki, haɗa su biyun ne ba ya yi.

Akwai masu taimako biyu a cikin jaka. Ɗaya ɗan maɗauri ne da ke haɗa babbar lema da fil ɗin ta ko-ta-kwana, in babbar ta tafi sai ta zare fil ɗin. Ɗayan na'ura ce mai auna matsin iska. CYPRES, wadda Helmut Cloth ya fito da ita a Jamus a 1991, idan ta ga mutum yana gudun faɗuwa a wajen ƙafa 750, sai ta yanke zargen ta ko-ta-kwana. Irin ta ɗalibai tana tashi ko da gudun bai wuce mita 13 a sakan ba. An yi ta ne don wanda ya suma ko ya ruɗe. Wanda ya makara ya buɗe babbar lema a daidai lokacin da na'urar ta tashi, lema biyu zai gani a kansa. Idan ɗaya tana gaban ɗaya suna tafiya tare, ba a saki, a tuƙa ta gaba a hankali. Idan suka rabu hagu da dama suka sunkuya ƙasa, a saki babbar nan take.

Duk wannan, ana kai wa ga lemar ko-ta-kwana kamar sau ɗaya ne cikin dira 700 zuwa 1,000. A 2024 USPA ta ƙirga mutuwa 9 cikin dira miliyan 3.88 a Amurka, alhali a shekarun 1970 ana haura 40 a shekara. Kaso mai yawa na waɗanda suke mutuwa ko karyewa a yanzu, lemarsu lafiya lau take a kansu. Wajen sauka abin yake faruwa.

Lemar yau fiffike ce mai ɗakuna tara ko bakwai, tana tafiya gaba, kuma duk juyi yana sa ta sunkuya ta ci tsayi. Ana ba ɗalibi babba da gangan: mai nauyin fam 190 har da kaya a ƙarƙashin lema mai murabba'in ƙafa 260, nauyin da ke kan kowane murabba'i bai kai kashi uku cikin huɗu na fam ba. Ba a barinsa ya dira idan iskar ƙasa ta wuce mil 14 a sa'a. A 2,000 ya san ko zai kai filin ko sai ya zaɓi wani fegi. A 1,000 ya bi bayan iska ta gefen fili, a 600 ya juya ya yanke ta, a 300 ya fuskance ta. Daga nan sai 'yan gyare-gyare ƙanana. Abin da ake so wajen taɓa ƙasa, bi da bi: lema a miƙe ba a karkace ba, wuri mara cikas, birki aƙalla rabi. Fuskantar iska tana bayan waɗannan duka. Mutane da yawa sun karye ne saboda a ƙafa 100 suka lura iska tana bayansu, suka finciki linzami ɗaya don su juya.

Birki ana jansa a ƙafa 10 zuwa 15, hannu biyu tare, ido yana kallon gaba ba ƙarƙashin ƙafa ba. Wanda ya ja da wuri kada ya saki, domin lemar za ta zabura gaba ta buga shi da ƙasa. Ya riƙe inda yake, ya haɗa ƙafafu da gwiwoyi, ya mirgina ta sha-raɓa, cinya, ƙugu, zuwa gefen baya. A guji sauka bayan gini ko jerin itatuwa, iskar wurin a hargitse take har nisan da ya ninka tsayinsu sau 10 zuwa 20. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema, kuma a ɗauka kowane titi yana da ita. A wuri mai zafi irin Dubai iska ba ta da kauri da rana, lema ta fi gudu wajen sauka, ga 'yar guguwa da ke iya naɗe ta baki ɗaya.

Bayan malaman AFF sun saki ɗalibi, koci ne ke karɓarsa: nisanta daga abokan dira kafin buɗewa, matsowa kusa da wani a iska, fita daga jirgi a 5,500 sannan a 3,500 a buɗe nan da nan, da naɗe babbar lema da hannunsa. Lasisin A yana bukatar dira 25. Ɗalibin da ya yi kwana 30 bai dira ba, sai ya koma kayan rataye an sake bi da shi ta kan mariƙai uku kafin a sa sunansa a jerin masu hawa jirgi.