Ramin da ba a samun zinariya a cikinsa

Aikina a wajen haƙar zinariya na Mayo-Rey, can yankin Tcholliré a arewacin Kamaru, kula da inji ne: famfon janye ruwa, injin niƙa dutse, da sandar ƙarfen nan da ake murzawa tana naɗe igiya. Daga wani gareji a garin Garwa na tafi, ina ganin ai rami rami ne.

Ashe jijiyar farin dutsen da zinariya ke cikinta ce ke nuna wa mai haƙa ta inda zai bi. In ta nutse a tsaye, sai a yi rijiya, ana fito da ƙasa cikin buhu da igiya. In ta karkace, a bi ta da rami mai gangara, a sassaƙa matakala a bango. Wanda ya dace da gefen tudu kuwa ya huta, domin raminsa a kwance yake kuma ruwa na gangarowa waje da kansa.

Rijiya ce mai rigima. Famfon fetur da ke bakin rami ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, ko da sabo ne fil. Da ruwa ya yi ƙasa, sai yara su ɗaure famfon da igiya su zura shi ciki. Nan ake mutuwa. Gubar da ke cikin hayaƙin famfon ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, ƙafafu su yi sanyi, kafin ya kama igiya ƙarfinsa ya ƙare, wanda ya sauka cetonsa ma ya bi shi.

Maganin biyu ne: janareta a sama da famfon lantarki a cikin ruwa, ko kuma a haƙa rami na biyu a gefe, a haɗe su ta ƙasa don iska ta shiga nan ta fita can. In bakin ɗaya ya fi ɗayan tudu, iskar ta fi ja. To amma wa zai biya kuɗin ramin da ba ya ba da ko ƙwayar zinariya? Maigidan raminmu ya ce asara ce. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni dai ba zan tayar da inji a ƙasa ba alhali 'ya'yan mutane na ciki." Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, amma aka haƙa.

Shaf ɗin injin niƙa kuwa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, cutarsa sananniya ce. Wurin da aka yanka masa gurbin maƙale fuli, wato faifan da bel ke juyawa, nan yake tsagewa, musamman in an ɗaure bel da ƙarfi ko ƙurar dutse ta cinye giris. Walda ba ta riƙe shi, yakan ɗan karkace ya dinga cin boris. Na fi son a aika Garwa a gogo sabo, ko da aiki zai tsaya mako guda.