Godiya ga waɗanda suka sa murya a waƙar nan

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, waƙarmu ta fita, taron sauraro na daren Asabar a Unguwar Rimi, Kaduna, ya tashi lafiya, kowa ya koma gida ba ko ƙwarzane. Tun jiya nake amsa waya har muryata ta dushe, shi ya sa na ce bari in yi godiyar nan a wuri ɗaya.

Sunana ne a gaba a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi, amma waƙar ta mutum biyar ce. Wanda ba ya harkar gambarar zamani, wato rap, zai ɗauka gayyato mawaƙi ba ta wuce ka ce masa "zo ka sa baiti" ba. To ga lissafin. A al'ada kowa layi 16 yake samu, kuma a kan kiɗa mai bugu 90 a minti, baiti ɗaya yana cin kusan daƙiƙa 43. Mu biyar, mun riga mun cinye minti uku da rabi tun ba a sa amshi ba. Dole wani ya rage nasa, kuma duk wanda ya san mawaƙa ya san nan ake ɓatawa. Yayanmu na Tudun Wada, wanda ya riga mu riƙe makirufo da shekaru, shi ya fara cewa a yanke nasa zuwa 8. Kunya ta sa ni ma na bi sahu. Yaya, Allah Ya ƙara girma.

Sai kuma abin da ya kusa kashe aikin. Mun gama ɗaukar muryoyi kaf, saura gyara, wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙone kwamfutar furodusanmu. Ba mu ajiye kwafi a ko'ina ba, wannan sakacinmu ne. Abin da ya tsira kawai gwajin da muka riƙa tura wa juna a WhatsApp. Oga furodusa, ka sake gina kiɗan nan daga abin da kunnenka ya riƙe, ba ka ƙara mana ko sisi ba, man janareta kaɗai muka saya. Ban san da bakin da zan gode maka ba.

Mutumina na Sabon Tasha, kai ne ka fi kowa shan wahala. Sau huɗu kana tsallako gada zuwa Kawo, biyu a cikin ruwan sama, har da ranar da na tsayar da kai kan kalma ɗaya da na ce ba ta hau kiɗa ba. Gaskiyarka ce, ta hau. Tun rikicin shekarar 2000 aka raba mana garin nan da kogi, mu da muka taso bayansa muka tarar ana cewa "tsallake" kamar wata ƙasa. Da ka shigo da layi biyu cikin yaren Bajju ka rufe da Hausa, na ga samarin Rigasa suna maimaitawa ba su ma san fassarar ba.

'Yar uwarmu ta Barnawa, amshinki ne yara ke rerawa a layinmu, kuma in za a faɗi gaskiya baitinki ya fi nawa. Na ji zafin hakan kwana biyu, na haƙura. Ƙaninmu na Hayin Banki, wannan ne shigarka situdiyo ta farko, hannunka na rawa, amma ba ka tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Mama, na gode da tuwon da kika riƙa aiko mana situdiyo, duk da har yau kina kiran abin "surutun nan naku". Baba bai ce komai ba, amma an gaya mini ya sa an kunna masa sau biyu.

Ga masu tambaya kan kuɗi: tun kafin a danna ɗauka muka rubuta kason kowa a takarda, har da na furodusa, kowa ya sa hannu.

Wanda na tsallake ya yafe mini. Ɗaukar bidiyo sai bayan damina, kuma a kan gadar za mu yi. Akwai wanda ya bar hula zanna bukar da cajar waya a wurin taro, suna hannuna.