Tsohuwar randa da kyanwoyin lungunmu a lokacin hunturu

Da asubar wata rana a cikin watan Disamba, maiɗakina ta fita tsakar gida za ta hura wuta ta ɗora ruwan kunu, sai ta tarar da wata kyanwa mai ruwan toka a dunƙule cikin murhu, a kan tokar daren jiya. Da ta kore ta, muka ga gashin gefen cikinta ya babbake, domin akwai sauran garwashi a ƙarƙashin tokar wanda bai gama mutuwa ba. Kyanwar ba tamu ba ce, ba kuma ta kowa ba ce, tana cikin waɗanda ke yawo a lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, suna bin kan katanga daga wannan gida zuwa wancan, su kwana inda dare ya yi musu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dabbar da ba ta yarda mutum ya matso kusa da ita ko da taku biyar, sanyi ya kai ta ga kwanciya a kan wuta a tsakiyar gidan mutane.

Wanda bai taɓa kwana a Damagaram cikin ɗari ba yana ɗauka zafi kaɗai muka sani. A watan Janairu, rana takan kai kusan digiri 30, amma cikin dare awon yakan sauko zuwa wajen 14 ko 15, wani daren ma ya faɗi ƙasa da 10, ga kuma iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar sahara, tana ratsa ƙofa da taga. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma babbar kyanwa mai lafiya, wadda ke samun abinci, tana iya jure irin wannan dare. Waɗanda ba sa iyawa su ne ramammu, da tsofaffi, da masu mura, da masu shayarwa, sai kuma jarirai, waɗanda a makonni ukun farko na rayuwarsu ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu sai da na uwarsu. Saboda waɗannan na yanke shawarar yin makwanci.

Na fara da duba abin da mutanen Amurka da Ingila ke yi, na ga akwatunan roba ne da ake lulluɓe cikinsu da farin soson nan da ke zuwa a kwalin firiji. Na ɗauki ƙa'idoji huɗu daga wurinsu, kuma har yau ban ga aibunsu ba: ɗakin ya zama ƙarami yadda ɗumin jikin kyanwa zai cika shi, ƙofar kada ta wuce santimita 15, a ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki. Amma kayan aikinsu an tsara su ne domin dusar ƙanƙara da ruwan sama, mu kuwa abokan gabarmu iska ce da ƙura, da kuma ranar da ke dawowa da ƙarfinta kafin azahar. Kwalin da na fara yankawa bai yi kwana uku ba akuyar maƙwabta ta cinye gefensa, ta haɗa da ciyawar da ke ciki. Jarkar mai ta lita 25 da na huda daga baya ta fi ba ni wahala, domin na wanke ta sau da yawa warin man bai fita ba, iska tana kaɗa ta tana ƙara cikin dare, da rana kuma cikinta ya yi zafi kamar tanda. Ko kyanwa ɗaya ba ta leƙa ta ba.

Mahaifiyata ce ta warware mini matsalar, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana kallona ina fama da jarkar. Ta ce, "Kai ɗan nan, bar wahalar da kanka da roba. Tun muna yara, in mage za ta haihu, tsohuwar randa take nema ko gindin rumbu. Ga randa can bayan ɗaki ta tsage tun bara, ba ta riƙe ruwa." Na ce, "Inna, ba za ta yi sanyi ba? Ai don sanyaya ruwa ake yin ta." Ta ce randa tana sanyi ne in akwai ruwa a cikinta yana tsattsafowa iska na busar da shi, amma busasshiyar randa da ta wuni a rana takan kwana da ɗumi. Da na taɓa ta bayan sallar isha na tarar haka ne, domin yumɓu yana shan zafin rana a hankali, ya kuma sake shi a hankali, ga nauyin da iska ba ta iya motsawa, akuya kuma ba ta da abin ci a jikinsa.

Ranar Alhamis na je Kasuwar Dole wurin masu sayar da tukwanen Mirriya, wani gari da ke kusa da Damagaram, na tambaye su ko suna da randunan da suka tsage a hanya. Wata dattijuwa ta ba ni biyu a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ɗaya ba, ta ƙara mini da ta uku kyauta da ta ji abin da zan yi da su. Duk abin da na kashe, har da kuɗin mai amalanke, bai kai jika uku ba, wato sefa dubu uku. Kowace randa na kwantar da ita a gefenta a kan tubali huɗu, na tokare ta da duwatsu hagu da dama don kada ta gangara, tsagar kuma na juya ta ƙasa. Bakin randa ya yi faɗi da yawa, saboda haka na kwaɓa laka da ciyawa irin ta yaɓe, na rage shi har ya rage ƙasa da taƙi guda, yadda kyanwa za ta shige amma kare ba zai iya cusa kafaɗunsa ba. Na juya bakin yana kallon kudu maso yamma, wato ya ba iska baya, na rufa tsohon zana a sama na danne da dutse. A ciki na zuba ciyawa da ganyen karan gero da na murtsuke, har kusan rabin randar, domin kyanwa tana son ta tona gurbi ta nutse. Ƙaiƙayi bai dace ba saboda yana sa susa, tsumma kuma yana tara ƙuma da fitsarin jarirai, alhali ciyawa in ta ɓaci sai a kwashe a ƙone a zuba sabuwa.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo ba a ginin na yi shi ba. Na ajiye randar farko a tsakar gida, inda zan riƙa ganinta daga zaure, kyanwar nan mai ruwan toka kuwa ta ƙi ta, ta je ta haifi ƴaƴa huɗu a bayan tarin itacen girki, a wani matsattsen wuri tsakanin itacen da katanga. Da na ga iska tana shiga wurin, sai na kwashe jariran da hannuna na kai su cikin randar, idanunsu ma ba su buɗe ba, ina ganin taimako na yi. Cikin dare uwar ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su inda ta zaɓa, kuma wani abu ya firgita ta kafin ta gama. Da safe na tsinci na huɗun a ƙasa, tsakanin randar da itacen, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ɗan bakinsa cike da ƙura. Na sa shi cikin rigata na ɗumama shi kusan awa guda, bai motsa ba. A ranar na ɗauke randar na kai ta bayan itacen, na ajiye ta dab da inda suke, ban taɓa kowa ba, kuma a dare na biyu ita da kanta ta shigar da ukun da suka rage. Tun daga lokacin, kafin in ajiye randa sai na yi kwanaki ina lura da inda kyanwoyin ke laɓewa da kansu, kuma kusan kullum wuri ne mai duhu, jikin katanga, wanda ke da hanyar gudu ta sama.

Abinci ba na sa shi a ciki, ko kusa da baki, domin yana jawo cinnaka da tururuwa, yana kuma kiran muzurai da karnuka zuwa inda jarirai suke. Nakan ajiye sauran tuwo da romo ko kan kifi a nesa, da magariba, in ɗauke kwanon kafin in kwanta. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, don haka ruwa ya fi musu amfani, kuma a garin da ake sayen ruwa a wurin ƴan ga-ruwa, kyanwar titi ba ta samun inda za ta sha cikin rani, sai dai in wani ya ajiye mata a kasko. Duk mako nakan tona ciyawar da sanda, ba da hannu ba, saboda kunama ma tana son wuri mai ɗumi. Ba na fesa maganin ƙwari a ciki ko kaɗan, domin kyanwa tana lasar jikinta, kuma wasu magungunan da kare ke jurewa ita kashe ta suke yi.

Maƙwabta ba duka suka ji daɗi ba. Wani dattijo da muke sallah tare ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, almajirai suna kwana a zaure babu bargo, kai kuma kana gina wa mage ɗaki?" Maganarsa tana da nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Na ce masa, "Baba, gaskiya ka faɗa, kuma haƙƙinsu ya fi girma a kanmu. Amma fasasshiyar randa ba za ta rufe yaro ba, kuma mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba." Ya yi shiru, sannan ya ce to in tabbata ba su cinye masa ƴan tsaki ba. Wannan koken ma gaskiya ne, shi ya sa na janye randa ɗaya daga kusa da akurkinsa. Yaran lungu kuma na gargaɗe su da kada su kama kyanwar da ba su sani ba, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma, kuma duk wanda ta ciza ko ta yakushe, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi likita a ranar.

Abin da randa ba ta magancewa shi ne yawansu, tunda cikin kyanwa wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Na fara magana da wani likitan dabbobi kan yadda za a yi wa muzuran lungun fiɗiya, amma kama muzurun titi aiki ne na daban.

Da watan Maris ya kama, zafi ya fara, kyanwoyin suka daina shiga da kansu, suka koma kwana a kan katanga da gindin randar ruwan sha. Na kwashe ciyawar na ƙone, na zuba toka a cikin randunan na goge, sannan na kife su a kan tubali kafin damina, don kada su tara ruwan sauro ko maciji ya mayar da su gida. Lakar bakin ɗaya ta farfashe wajen kifewa, sai na sake yaɓa ta a watan Nuwamba, lokacin da na mayar da su wurarensu. A cikin ƴaƴan nan uku biyu sun girma, kuma macen cikinsu ce ta fara shiga randar bayan itace a hunturun bana.